SHARHI: Rediyon Oba-oba A Doguwar Tafiya, Abin Da Ɗan Kasuwa Zai Duba Kafin Ya Biya

Tun daga watan Agustan shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta fara aiki a ƙasar nan, akasarin 'yan kasuwarmu suka ɗauka cewa zancen rediyon oba-oba ya ƙare, an bar shi ga 'yan sanda da masu gadin bankuna. Kafin wannan lokaci kuwa, manyan kamfanonin sufuri da na gine-gine sukan keɓe ɗaki guda domin rediyo, inda ake aika saƙo tsakanin hedkwata a Legas da rassa a Kano ko Jos ko Maiduguri, saboda samun layin NITEL a wancan zamani sai wanda ya taki sa'a. Salula ta zo ta rufe waɗannan ɗakuna, babu kuma wanda ya yi kewarsu. Sai dai shekarun baya-bayan nan sun koya wa matafiya cewa ita ma salular tana da ranar da take yin gum, kuma ranar takan faɗo ne a daidai wurin da aka fi bukatarta.

A watan Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, an katse layukan salula a can. A farkon watan Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe turakunsu a duk faɗin jihar Zamfara, daga bisani matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna, har wasu yankunan suka kusa cika wata 3 babu waya. Ko babu umarnin hukuma ma, duk wanda ya saba bin hanyar Jebba zuwa Mokwa da Tegina ya san akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa ɗif, ko dai saboda nisan da ke tsakanin turaku, ko an sace man janareton turken, ko kuma masu aikin hanya sun tsinke wayar da ke binne a ƙasa.

Wannan ne ya sa masu tafiya cikin ayari suka sake waiwayar oba-oba. Akwai 'yan kasuwar da ke zaune a Legas da Ibadan da Onicha waɗanda kan haɗa motoci 3 ko 4 su nufi gida da Salla, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 idan daga Legas zuwa Kano ce. Akwai dillalan motoci da kan jero sababbin kaya daga bakin teku zuwa arewa, ga kuma masu rakiyar kayansu a ƙaramar mota bayan tirela. Na'urar ba ta da wuyar samu, domin ana baje ta a kasuwar Alaba da shagunan kayan waya na Ikeja da Abuja da Kano. Abin da nake gani shi ne, yawancin masu sayenta suna biyan kuɗin abin da ba shi ne zai amfane su ba. Lambar kilomita da ƙarfin wat da aka rubuta jikin kwali suke saye, alhali abubuwan da ke raba gardama a kan hanya guda biyu ne, kuma babu ko ɗaya a jikin kwalin: eriyar da ke saman mota, da takardar izinin da direba zai nuna a shingen bincike.

Da farko ya kamata a san aikin da na'urar za ta yi. Oba-oba ta gaskiya tana magana ne kai-tsaye da 'yar'uwarta, ba ta bi ta turken kowa, ba a sa mata kati, kuma da zarar madugu ya danna ya yi magana duk motocin ayarin sun ji a lokaci guda. A waya kuwa sai an nemo lamba, a jira ta shiga, a jira a ɗauka, sannan a sake yin haka ga mota ta uku da ta huɗu. Saƙonnin hanya gajeru ne: akwai rami a gaba, tirela ta faɗi bayan gada, tayata ta fashe ku dakata, an tare hanya kada ku ƙaraso. Darajar irin wannan saƙo a cikin mintoci ake auna ta. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan kilomita 1.7 a kowane minti. Ke nan na'urar da ba ta wuce kilomita 2 ba, gargaɗin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu kawai za ta ba motar baya, wadda ta kai kilomita 8 kuwa ta ba ta kusan minti 5, wanda ya isa mutum ya taka birki ya juya ya koma garin da ya baro. Tambayar da mai saye zai yi wa kansa ke nan: minti nawa nake saye?

Abin da na'urar ba za ta yi ba shi ne kiran agaji. Lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra da lambar gaggawa ta 112 duk ta layin salula ake samun su. Mutumin da ke tafiya shi kaɗai, ya sayi oba-oba ɗaya ya ajiye a mota da tunanin ranar tsautsayi, ya yi asarar kuɗinsa, domin babu wanda ke zaune yana sauraron tasharsa. Mai irin wannan bukata wayar tauraron ɗan'adam yake nema, irin su Thuraya, wadda kuɗin kiranta ke da tsada kuma sai a sarari take kamawa. Ita ma tana da nata ƙa'idojin, domin a watan Yunin 2013 rundunar tsaro ta haramta amfani da ita a jihar Borno, don haka wanda zai shiga da ita yankin da ake aikin soja sai ya fara tambaya.

Daga nan sai tarkon da ya fi kama mutane a kasuwa. Akwai wata na'ura mai siffar oba-oba sak, da eriyarta da madanninta, wadda mai shago zai ce tana kai kilomita 5,000, ya kuma gwada a gabanka ka ji muryar yaronsa daga wani gari tar. Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi duka ba. A buɗe bayanta za a ga katin sim. Muryar tana hawa layin MTN ko Airtel ko Glo ne, ta bi intanet zuwa wata kwamfutar kamfanin da ya ƙera ta, wadda sau da yawa ba ma a ƙasar nan take ba, sannan ta dawo. Ga mai rumbunan ajiya a Apapa da Dawanau da ke son magana da ma'aikatansa gaba ɗaya, wannan abu ne mai amfani ƙwarai. Ga matafiyi kuwa, duk inda salula ta mutu ita ma ta mutu, ko da motocin biyu suna jere da juna. Wanda ya shiga Zamfara da irinta a watan Satumban 2021 tamkar ya riƙe dutse ne a hannu. Har ila yau, a ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, an ga yadda ayyukan da suka dogara da kwamfutocin ƙetare suka tsaya cik ko da sandunan sabis na nan a fuskar waya. Akwai samfurin da ya haɗa hanyoyin biyu, amma tilas mai saye ya sa a cire sim ɗin a gwada masa a gabansa.

To, ita ta gaskiyar fa, ina take kaiwa? Nan ne lissafi zai taimaka. Igiyar rediyo ta mitocin da waɗannan na'urori ke amfani da su tana tafiya ne kusan a miƙe, kamar hasken tocila, duniya kuwa a lanƙwashe take. Injiniyoyi suna da ƙa'ida mai sauƙi ta auna iyakar da eriya ke hangowa: eriyar da ke mita 2 daga ƙasa, kamar wadda ke saman ƙaramar mota, iyakarta ba ta kai kilomita 6 ba. Motoci biyu ke nan ba za su wuce kilomita 11 zuwa 12 ba, shi ma a fili fetal, babu tudu babu kurmi. Lambobin kilomita 30 ko 50 da ake bugawa jikin kwali an samo su ne daga gwajin da mutum ɗaya ke kan dutse ɗayan yana kwari yana hango shi. Babu ɗan kasuwar da ke tuƙi a kan Dutsen Zuma.

Ƙarfin wat ma ba ya yin abin da ake zato. A kusa da ƙasa, ƙarfin igiyar yana raguwa da sauri ainun, ta yadda kafin a ninka nisa sau 2 sai an ninka ƙarfin na'ura kimanin sau 16. Wanda ya ƙara kuɗi ya bar mai wat 5 ya ɗauki mai wat 8, ƙarin nisan da ya saya kimanin kashi 12 cikin ɗari ne kawai, idan ma har wat 8 ɗin gaskiya ne, ga kuma batir da zai riƙa ƙarewa da wuri. Amma idan aka ninka tsayin eriyar duka motocin biyu daga ƙasa, an sami daidai abin da ninka ƙarfi sau 16 zai bayar. A harshen kasuwa, naira ɗaya da aka kashe a kan eriya ta fi naira goma da aka kashe a kan wat dawo da riba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, wato riƙe na'urar hannu a cikin mota. Jikin mota ƙarfe ne, kuma ƙarfe yana tare igiyar rediyo, sai ɗan abin da ya sulale ta gilashi. Shi ya sa na'urar da ta yi kilomita 4 ko 5 a filin ƙwallo, idan aka shiga da ita mota aka rufe ƙofa da ƙyar take haura kilomita 1 zuwa 2. Maganin ba shi da tsada: eriya mai gindin maganaɗisu da ake mannawa a tsakiyar rufin mota, a zaro wayarta ta gefen ƙofa a ɗaura wa na'urar. Rufin motar da ya kasance cikas sai ya koma ɓangaren eriyar. Ga mai tafiya sau 2 ko 3 a shekara, na'urar hannu mai wat 5 da irin wannan eriya ta wadatar, kuma ita nake ba da shawara. Mai zirga-zirga duk mako shi ne ya cancanci na'urar da ake kafewa a mota, mai wat 25 zuwa 50. Irin wannan tana jan wuta sosai, mai wat 50 takan ja kimanin amfiya 10 ko fiye idan ana magana, saboda haka kai-tsaye ake jona ta da batirin mota ta hanyar fiyus, ba a soka ta a ramin kunna taba. Manyan motoci kuma wutarsu volt 24 ce, na'urar kuwa ta volt 12 ce, sai an sa abin rage wuta a tsakani. Mai gyaran wutar mota zai iya jan wayar, amma daidaita eriya da mitar da za a yi aiki a kanta aikin masanin rediyo ne mai na'urar awo, domin eriyar da ba ta daidaita ba takan mayar da wuta cikin na'urar har ta ƙone ta.

Batun zaɓen mita ba shi da tsawo. Na'urorin kasuwanci kashi biyu ne, masu aiki a kan VHF, tsakanin megahaz 136 da 174, da masu aiki a kan UHF, daga megahaz 400 zuwa wajen 470. Ta UHF ta fi iya ratsa tsakanin gine-gine, eriyarta kuma gajeriya ce, ba ta kai taƙi ɗaya ba, shi ya sa otal-otal da masu gadi suka fi son ta. Ta VHF ta fi nisa a fili da cikin itatuwa, eriyarta kusan rabin mita ce. Tunda doguwar tafiya daji ce akasarinta, daga kurmin Oyo zuwa filayen Neja da Kaduna, VHF ta fi dacewa da ita. Duwatsu kuwa, irin na Okene da Lakwaja da hawan Jos, babu wadda suke ragawa. Abin da kawai ba a yafewa shi ne a sayi rabin ayari VHF rabi UHF, domin ba sa jin juna.

Mai karatu da ya leƙa intanet neman shawara zai ci karo da sunaye uku da suka cika ko'ina: CB da FRS da GMRS. Ya kamata ya san cewa waɗannan tsare-tsaren Amurka ne, an kuma rubuta shawarwarin ne domin Amurkawa. A can, CB tana da tashoshi 40 a kan megahaz 27, da ƙarfin wat 4, kuma tun 1983 aka daina neman lasisinta. FRS ƙananan na'urorin iyali ne da ba sa wuce wat 2, su ma babu lasisi. GMRS kuwa ana yarda da ita har wat 50, da lasisin dala 35 na shekara 10 wanda ya game mutum da iyalinsa. Turai tana da nata tsarin a kan megahaz 446 da rabin wat kacal, Ostareliya kuma tana da tashoshi 80 a kan megahaz 477. Kowace ƙasa da yadda ta raba mitocinta, kuma sassaucin da wata ƙasa ta yi wa 'yan ƙasarta ba ya tsallako teku tare da kwalin. Rubutun da ke cewa ba a bukatar lasisi, da mutumin Teksas yake magana, ba da mutumin Mile 12 ba. Ita CB ma, ko an bar zancen doka, eriyarta cikakkiya ta kusa mita 3, kuma a shekarun da rana ke tsananta aikinta, kamar 2024, mai ita yakan ji muryoyin Turai da Brazil raɗau alhali bai ji motar da ke bayansa ba.

A Nijeriya dokar a fili take tun Dokar Sadarwar Rediyo ta 1961: ba a kafa na'urar watsa saƙo ta iska ko a yi amfani da ita sai da izini. Bayan Dokar Sadarwa ta 2003, NCC ce ke kula da mitocin masu kasuwancin sadarwa da kuma tantance samfurin na'urorin da za a sayar, Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya kuma ke kula da mitocin waɗanda ke amfani da rediyo domin harkar kansu. Wanda zai shigo da na'urorin daga waje kuma yana bukatar takardar shaidar mai amfani daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, kuma jami'an kwastan sun sha kama irin waɗannan kaya saboda rashinta. Na san ɗan kasuwa zai ce wannan wahala ce, kuma dubban masu gadi na amfani da na'urorin a cikin gari babu mai tambayarsu. Haka ne. Amma mai gadin otal ba ya wuce shingen soja 10 a yini. A lokacin katse layukan 2021 rahotanni sun yi ta fitowa cewa 'yan bindiga sun koma amfani da oba-oba, kuma tun daga nan duk farar hular da aka gani da ita a daji abin tuhuma ne. Mutumin da aka samu da na'urori 4 a mota a hanyar Birnin Gwari, babu rasit, babu lasisi, babu takardar kamfani, zai iya kwana yana bayani, kayansa na tumatir ko albasa suna ruɓewa a rana. Wannan kwana ɗayan ya fi kuɗin lasisin tsada.

Haɗarin ya ƙaru da irin na'urori masu araha da suka cika kasuwa, waɗanda Baofeng ta fi shahara a cikinsu. Ba wai ba sa aiki ba ne, suna yi daidai kuɗinsu. Matsalar ita ce kowa na iya danna musu duk mitar da ya ga dama a cikin VHF da UHF, kuma a cikin wannan fili akwai mitocin jiragen ruwa, har da tashar neman agaji ta teku a kan megahaz 156.8, da na hukumomi daban-daban. Tashoshin da aka saita musu daga masana'anta ma ba domin rabon mitocin Nijeriya aka saita su ba. A shekarar 2018 hukumar sadarwa ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan shigo da irin waɗannan na'urori da sayar da su saboda wannan dalili. Direban da ya faɗa kan mitar jami'an tsaro yana hirar farashin wake bai san ya yi laifi ba, amma su sun ji shi. Hanyar da ta fi aminci ita ce a sayi kaya wurin dillalin da ke da rajista, wanda zai taimaka a nemi mita da sunan kamfani, ya saita na'urorin a kanta ya kulle, ya kuma ba da takardun da za a ajiye kwafinsu a kowace mota.

Sai zancen sirri, wanda masu shago kan yi wa kwaskwarima. Lambobin da ake kira na sirri a ƙananan na'urori ba sa ɓoye magana. Aikinsu kawai su toshe wa na'urarka kunne daga jin hirar wasu, amma duk mai na'ura a kan mitar yana jin taka. Na'urorin zamani na tsarin DMR, irin na Motorola da Hytera da Kenwood, suna mayar da murya lambobi ta yadda na'urar gargajiya ba ta jin komai sai ƙara, wasunsu kuma suna da makullin sirri na gaske, sai dai kuɗinsu ya ninka. Wanda bai kai nan ba, ya ɗauka cewa a kasuwa yake magana. Ba a ambaton kuɗi, ba a ambaton sunan maigida, ba a faɗin inda za a kwana ko a sha mai. A sa wa motoci lamba, a sa wa wuraren tsayawa sunayen da aka shirya tun a gida. Haka kuma kada direba ya zama shi ne mai riƙe na'urar, na kusa da shi ne zai yi magana, domin hannun da ya bar sitiyari don oba-oba daidai yake da wanda ya bar shi don salula.

Dalilin da ya sa wannan kasuwa ta cika da kayan banza sananne ne a ilmin tattalin arziki. A 1970 masanin nan George Akerlof, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya yi bayani da misalin kasuwar tsofaffin motoci cewa idan mai saye ba ya iya bambance nagari da mugu a lokacin ciniki, ba zai yarda ya biya kuɗin nagari ba, sai masu kayan kirki su janye su bar fili ga masu jabu. Oba-oba ta faɗa cikin wannan rukuni sarai. A cikin shago, ta jabu da ta ainihi duk suna magana tar, bambancin sai an yi nisan kilomita 3 a hanyar Lakwaja yake bayyana, lokacin mai shago na can Alaba. Tambari ma ba hujja ba ne. Da na'urorin oba-oba suka yi ta fashewa a hannun 'yan Hizbullah a Lebanon ranar 18 ga Satumban 2024, masu ɗauke da tambarin kamfanin Icom na Japan, kamfanin ya bayyana cewa tun 2014 ya daina ƙera wannan samfuri. Abin fashewa aka dasa a cikinsu, ba wani abu ne da matafiyinmu zai ji tsoro ba, amma ya nuna cewa ko masu kuɗi da tsari ana iya sayar musu da abin da ba su san asalinsa ba. Tunda kuma aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin duk kayan da ake shigowa da su ya tashi, saye biyu ya zama hukunci mai tsanani ga wanda ya bi araha.

A lissafin kuɗi kada a tsaya kan farashin na'ura. A haɗa da eriya da wayarta, da batir na biyu, da cajar mota, da kuɗin sabunta lasisi, sannan a raba a kan yawan tafiye-tafiyen shekara. Batirin litiyam ba ya son zafi, kuma wanda aka bari a gaban gilashin mota a ranar Afrilu ba zai yi ƙarko ba. Ƙurar hunturu kuma tana shiga lasifika da madanni, don haka a duba alamar IP54 ko IP67 a jikin na'urar, wadda ke nuna juriyarta ga ƙura da ruwa.

Akwai ɓangaren da ya fi ƙarfin ɗan kasuwa guda. Darajar rediyo tana ƙaruwa ne da yawan masu sauraro a kan tasha ɗaya. A Amurka, bayan takunkumin man fetur na 1973 da dokar taƙaita gudu zuwa mil 55 a sa'a da ta biyo baya a 1974, direbobin manyan motoci suka rungumi CB suna gaya wa juna gidan man da ke da mai, har tasha ta 19 ta zama dandalinsu, ta 9 kuma aka keɓe ta domin agaji. A Ostareliya tasha ta 40 ce ta masu bin manyan hanyoyi. Baƙon da ya kunna na'urarsa a can zai ji labarin hanyar da ke gabansa daga bakin mutanen da bai taɓa gani ba. A hanyoyinmu babu wata tasha da direbobi suka saba taruwa a kanta, kowane ayari tsibiri ne. Ƙungiyoyin NARTO da NURTW, da ƙungiyoyin 'yan kasuwar hatsi da dabbobi da kayan gwari, suna da yawan mambobi da murya da za su iya neman hukuma ta ware mita ɗaya ta hanya, mai ƙaramin ƙarfi da rajista mai sauƙi, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra za ta riƙa saurara. Ba na ɓoye cewa ɓarawo ma zai saurara, har yana iya ba da labarin ƙarya don ya karkatar da motoci. Saboda haka amfaninta zai fi yawa a hanyoyi masu cunkoso kamar Legas zuwa Ibadan da Abuja zuwa Lakwaja, inda matsalar ita ce haɗari da tankar da ta faɗi da cunkoson da kan cinye yini guda, ayari kuma ya riƙe mitarsa ta kansa domin wuraren da shiru ya fi magana.

Kafin a kai ga haka, mai saye yana da makami ɗaya da ke rushe matsalar da Akerlof ya bayyana, wato gwaji kafin biya. A yi sharaɗi da dillali cewa sai an ɗora eriya a kan motoci biyu, an fita bayan gari, ɗaya ta tsaya ɗaya ta yi ta tafiya tana kiran lambar kilomita daga agogon mota har inda murya ta fara yankewa. A maimaita a inda akwai tudu a tsakani, da gilasai a rufe da inji a kunne, domin wasu motocin wutarsu na sa ƙara a rediyo. Lambar da aka samu a nan ita ce za a rubuta a rasit, ita ce kuma za ta nuna tazarar da madugu zai bari tsakaninsa da motar ƙarshe. Dillalin da ya ƙi wannan sharaɗi, akwai wani shagon a gaba da nasa.